Kiran Ajuma

"A miƙo mini ludayi," in ji Altine, idonta a kan ƙwaryar nono.

Ba wanda ya motsa. Ludayin yana soke a jikin bukka, kusa da inda yarinyar take zaune ta ba ta baya tana tufkar igiya. Altine ta ɗan jira, sannan ta miƙe ta ɗauko abinta da kanta. Shekara guda ke nan tana wannan mantuwa, kuma kullum sai ta yi mata zafi kamar yau ta fara.

Ajuma ce 'yarta ta fari. A wajen mutanen Altine, Fulanin da ke sauka da shanunsu a gonakin Kore Mairuwa da rani, uwa ba ta kiran sunan ɗan fari. Ba ta zuba masa ido, ba ta yi masa wasa, in ya faɗi a gaban mutane ma sai ta kau da kai ta bar wata ta ɗaga shi. Tun da aka yaye Ajuma, kakarta A'i, uwar Inusa mijin Altine, ta ɗauke ta zuwa bukkarta. Altine ba ta taɓa jin an cuce ta ba, don haka aka yi wa uwarta a kanta. Ita da yarinyar kuwa sun samo hanyarsu tun tuni. Altine takan yi magana da murhu, ko da tukunya. "Ɗan maraƙin can zai ci tsumma." "Akwai sauran fura a ƙaramar ƙwarya, ban san mai sha ba." Kafin ta rufe baki yarinyar ta tashi, ta kori maraƙin, ta shanye furar tana murmushi, ba wanda ya dubi wani. Duk son da ke tsakaninsu ta kunne yake bi.

Sai sanƙarau ya shigo da zafin bazarar bara. Ya kwashi yara a gari da ruga. Ajuma ya bar ta da ranta, amma ya tafi da jinta. An sha rubutu. A'i ta saci jiki ta je Matankari wajen masu bori da baƙar akuya, aka ce mata aljana Doguwa ce ta shafi yarinyar, akuyar ta tafi, jin bai dawo ba. Likitan Dogon Dutsi ya haska kunnuwan da 'yar fitila, ya girgiza kai.

Da farko Ajuma ta ci gaba da surutunta, sai dai da ƙarfi, don ba ta jin muryarta balle ta auna ta. Yara suka riƙa yi mata dariya. Kalmomin suka soma lanƙwashewa a bakinta, ta ga yadda mutane ke duban juna in ta yi magana, sai ta rage. Yanzu takan wuni ba ta ce uffan ba. In ana son ta, sai a jefa mata tsakuwa ta waiwayo, a nuna mata abu da hannu. Altine ma haka take yi, kuma duk tsakuwar da ta jefa sai ta ji kunyar kanta, don akuya ake kira haka.

Ran kasuwar Kore Mairuwa, tana zaune a layin masu nono, ta jefa irin wannan tsakuwar, sai wani mutum mai wando da taguwa irin ta ma'aikata ya tsaya a kanta.

"Baiwar Allah, don mi kinka jehe ta?"

"Ba ta ji."

"Haka anka haihe ta?"

"A'a. Sanƙarau ne, bara."

"Tana magana kahin nan?"

"Har ta yi yawa," in ji Altine, nan take kuma ta yi da-na-sani, don ya yi kama da yabo.

"Mi sunanta?"

Altine ta sunkuyar da kai ta shiga gyara faifai. Mai daddawar da ke gefenta ce ta amsa. "Ajuma. Ɗiyar hwari ce, Malam, kada ka ba baiwar Allah kunya."

Malam Mahmuda ke nan, malamin lakwal, wato makarantar boko, haifaffen Dogon Dutsi. Ba a daɗe da sauke tutar Nasara ba sabuwar gwamnati ta tura shi wata jami'a a ƙetaren teku, ya koyo yadda ake koya wa kurame da makafi harshe. Ya zauna can har ya saba da sanyi. Ya dawo da takardar shaida, da allon ƙarfe mai ramuka na rubutun makafi, da madubi, da wata na'ura mai abin sawa a kunne wadda ba ta aiki sai da lantarki. A Yamai, babban birnin ƙasar, aka taya shi murna, aka ce makarantar da zai yi aikin ana nan ana shawara a kanta. Kafin a gama shawarar aka turo shi Kore Mairuwa, inda ba lantarki, aka ba shi aji cike da yara masu ido da kunne lafiya lau, waɗanda ba sa gani ba sa ji sai an ɗaga bulala. Akwatin na'urar ya zama wurin ɗora kwanukan matarsa. Saboda haka da ya ga Ajuma, sai ya ji kamar maƙerin da aka daɗe ba a kawo wa ƙarfe ba.

Ya nemi Inusa a kasuwar shanu, ya yi masa bayani ba ado.

"Kunnen ya tahi, ba ni da maganinshi, kowa ya ce maka shina da shi ƙarya shikai. Amma maganar tana nan cikin bakinta, ita nika son mu tsare. Ido shina iya karanta leɓe in an koya mishi. In an bar ta haka, damina biyu ta yi yawa, maganar ma za ta bi kunnen."

Inusa ya jujjuya sandarsa. Daga baya ya yarda, muddin ba za a rubuta yarinyar cikin 'yan lakwal ba, don ya ji labarin yaran da aka rubuta suka tafi ba su sake riƙe sanda ba.

Haka aka soma. Da la'asar, in an tashi yara, Altine takan biyo da Ajuma bayan ta gama tallan nono, Malam Mahmuda ya shimfiɗa tabarma a gindin gawon da ke bayan lakwal, inda haske yake sosai. Faransanci aka horar da shi ya koyar, hotunan bakin da ke littattafansa ma na Turawa ne, amma ya dubi yarinyar ya ce Faransanci ya jira tukuna. Da Hausa ya kama. Yakan zauna dab da ita, ya nuna bakinsa, ya faɗi kalma a hankali. Ya ɗora tafin hannunta a maƙogwaronsa ta ji yana rawa, sannan ya mayar da shi nata. Ya riƙe madubi su dubi bakunansu tare. Ya sa ɗan kaɗa, wato auduga, a tafinsa ya nuna mata wace kalma ke hure shi, wace ce ba ta hurewa.

Altine takan zauna can nesa, ta juya gefe, tana jera ƙoren da ta riga ta jera. Wanda ya gan ta zai ce hankalinta na kan hanya. Amma ranar da Ajuma ta dubi bakin Malam ta ce "nono", da wata murya mai kauri kamar ta wanda ya tashi daga barci, faifan da ke hannun Altine sai da ya faɗi. Ta ɗauka ta kakkaɓe, ba ta waiwaya ba. A hanyar komawa ruga ta yi ta sauri a gaba don kada yarinyar ta ga fuskarta.

Kafin zafi ya kai ƙarshe, Ajuma ta dawo da kalmomi masu dama. Ruwa, nagge, kasuwa, gobe. In Malam ya kira sunanta tana kallonsa, takan nuna ƙirjinta. Amma a gindin gawon kawai take magana. Da an koma ruga sai bakin ya rufe, don a can ba mai zama gabanta.

Sai gajimare ya soma taruwa ta gabas, manoma suka fito sassabe. Kowa ya san abin da wannan ke nufi. Shanu sun gama zuba taki, dole su bar gonakin mutane kafin shuka, su haura can bayan Matankari inda gonaki suka ƙare, sai kaka su dawo. Malam Mahmuda ya ce a bar masa yarinyar wajen matarsa. Inusa ya ce 'yarsa ba ta kwana a gidan da ba dangi. Malam bai ja ba, don shi ma da an rufe lakwal Yamai zai nufa, ya je ya tuna wa masu shawara cewa yana nan da rai.

Wata safiyar Lahadi ya hau kekensa ya zo rugar da kansa. Aka shimfiɗa masa buzu, aka kawo masa nono. Ya ce abin da ya kawo shi ɗaya ne.

"Wata huɗu ko biyar ba ni ganinta. In ba wanda ya zauna gabanta kullum ya yi mata magana tana kallon bakinshi, abin da munka tara duka zai zube, kuma ba lalle ne shi sake taruwa ba. Ba wuya gare shi. Ina son in koya ma mutum guda cikinku."

A'i ta gyara zama. "Ni na rene ta, ni za ni yi."

Aka zaunar da Ajuma a gabanta. Tsohuwar ta kira sunanta, ta ce ruwa, ta ce nono. Amma A'i ba ta da haƙori ko ɗaya, leɓunanta sun shige ciki, kowace kalma da siffa ɗaya take fitowa. Yarinyar ta duba, ta ƙara dubawa, ta matso har numfashinsu ya haɗu. Sannan ta miƙa hannu ta taɓa haɓar kakarta, ta girgiza kai a hankali.

A'i ta yi ɗan murmushin da ba na daɗi ba. "Da haƙoran nan na tauna mata abinci har sunka ƙare. Yau bakina ne ba ta ganewa."

Malam ya dubi Inusa. Inusa ya sassauta rawanin da ya rufe masa baki, sai ga gashin baki da gemu sun rufe abin da rawanin ya bari.

"Ko na aske, Malam, mi za ta gani? Ni da ƙanena Usman muna bayan shanu tun rana ba ta hito ba. In mun dawo duhu ya yi."

Gaskiya ya faɗa, ko da yake kowa ya san shi ma 'yar fari ce a wajensa, kuma ya ji daɗin samun hujja. Sai Malam Mahmuda ya juya wajen Altine, wadda ke tsugune a bakin bukka tana wanke ƙwarya.

"Saura ke. Zo ki zauna gabanta, ki dube ta cikin ido, ki kira sunanta. Da suna aka hwarawa. Shi ta hi sani, shi ka gaya mata da ita aka magana."

Usman ya tashi ya tafi duba maraƙin da ba abin da ya same shi. Altine ta ji kamar an yaye mata zane a tsakiyar kasuwa. A gaban surukarta, a gaban mijinta, baƙo ya ce ta kira sunan 'yar fari.

"Malam," in ji A'i, muryarta a sanyaye, "can inda kunka yi karatu, ba a haihuwar ɗan hwari?"

"Ana haihuwa, Inna."

"To, a gidanga ba a taɓa yi ba. Ni ban kira wanga ba," ta nuna Inusa da haɓa, "ga shi da gemu. Ba a gabana za a hwara ba."

Altine ta ajiye ƙwaryar ta shige bukka. Tana jin ƙarar keken Malam har ya yi nisa. Ta ji haushinsa ƙwarai, mutum ɗan ƙasa ya yi kamar bai san komai ba. Amma a ƙarƙashin haushin akwai tsoro, kuma tsoron ya fi haushin girma, don ta san bai yi ƙarya ba.

Ran kasuwa ta ƙarshe kafin tashi, ta ce ba za ta bi ta lakwal ba. Ƙafarta ce ta kai ta. Malam ya yi darasinsa da Ajuma kamar kullum, da ya gama ya ba yarinyar madubin ta yi wasa, ya zo ya tsaya nesa kaɗan da Altine, yana duban wani wajen, yadda ya kamata.

"Na yi kuskure da na hwaɗa miki a gaban surukarki. Ki gahwarce ni."

"Ba komi."

"Amma maganar tana nan yadda take."

Altine ta daɗe tana murza bakin zanenta. "Ba a yi da hannu? Tana gane hannu."

"Malamanmu na can sun hana hannu, har sukan sa yara su zauna bisa hannuwansu. Ni ban hana ba, ku yi ta yi, shina da amfani. Amma abin da kuke yi da hannu yanzu, zo ne, tahi ne, ci ne. Ba shi tsare mata maganar da ta taso da ita. Ga Hillanci kuma, wanda ni ban iya ba, ke ce ke da shi. Ni ma ɗan hwari ne. Har tsohuwata ta rasu ban taɓa jin sunana a bakinta ba, ban kuwa taɓa jin ta rage ni da komi ba. Ina jin ta tana gaya ma tukunya abin da take so in yi. Ina jin ta tana ma kaji hwaɗa in na daɗe ban dawo gida ba. Wagga ba ta jin ko ɗaya. Tun bara, a wajenta, kin daina yi mata magana ne kawai. Ba ta san dalili ba."

Altine ta ɗora ƙorenta a ka, ta kama hanya, yarinyar na biye da ita. Wannan magana ta ƙarshe ita ce ta zauna mata a ƙirji. Ita a ganinta kullum tana magana da 'yarta, tunda ba ranar da ba ta ce wa murhu wani abu ba. Ashe shekara guda ke nan yarinyar na zaune da uwar da ta yi mata shiru.

Ruwan farko ya sauka, ƙasa ta yi ƙamshi. Da gari ya waye aka soma kwance bukkoki. Inusa da Usman suna ɗaure kaya a bayan takarkari, A'i na zaune a kan turmin da aka kifar tana naɗe tabarmi tana ba da umarnin da ba wanda ya nema. Shanu sun ƙosa, suna ta kuka.

Altine tana bayan jaki, inda tarin asabari ya kare ta daga idon mutane, tana shirya ƙore a cikin raga. Ajuma ta zo da ƙaramar ƙwarya ta miƙa mata, ta juya za ta koma. Altine ta kama hannunta.

Yarinyar ta tsaya tana mamaki, ta duba ko ta yi wani laifi. Altine ta leƙa ta gefen asabarin. Kowa na kan aikinsa. Ta tsuguna har fuskarsu ta daidaita, ta juya yadda hasken safiya zai faɗo a bakinta, kamar yadda ta ga ana yi a gindin gawo duk lokacin da ake zaton hanya take kallo. Rabonta da ta dubi wannan fuskar kai tsaye tun yarinyar na shan mama. Ta ga ashe tana da ɗan tabo a gira, ba ta ma san yaushe ta samu ba.

Ta buɗe baki. Muryar ta ƙi fita, ita ma ba ta matsa mata ba. Leɓunanta kawai suka motsa, da sauri, kamar mai satar abu.

Ajuma ta haɗe gira. Ba ta kama ba.

Altine ta sake, a hankali wannan karon, ba sauti ko kaɗan. Ta buɗe baki, ta tsuke leɓe, ta haɗa su, ta sake buɗewa.

Idon yarinyar ya tsaya cak a kan bakin. Sannan ya hau zuwa idon uwarta, ya sake saukowa. Ta ja numfashi.

"Na'am!"

Da dukan ƙarfinta ta faɗa, da muryar nan da ba ta san aunawa ba. Jakin ya zabura, asabarin ya zame ya faɗi. Inusa ya tsaya da igiya a hannu. Usman ya waiwayo. A'i ta ɗago kai daga tabarmarta. Ga Altine tsugune a fili, riƙe da hannun 'yarta ta fari, fuska da fuska, kuma duk rugar ta san ba a cewa na'am sai an yi kira.

Altine ta so ƙasa ta tsage. Ba ta saki hannun ba.

A'i ta dube su, ta daɗe tana dubansu, bakinta na motsi kamar mai tauna abu. Sannan ta mayar da kai kan tabarmar, ta ja igiya ta ƙulle.

"Ni dai ban ji kowa ya kira kowa ba," in ji ta. "Ku ɗaure kaya, rana na yi."

Inusa ya juya ga takarkarinsa. Usman ya tafi kamo jakin. Ajuma kuwa ba ta san an yi wata magana ba. Tana nan tsaye inda take, ba ta ɗauke ido daga bakin uwarta ba, don wanda ya amsa kira jiran saƙo yake. Altine ba ta shirya komai ba bayan sunan, duk tunaninta a kansa ya ƙare. Ta lashi leɓenta, ta gyara tsuguno.